Me ya sa lissafin haɗin gwiwa cikin sirri yake da nauyi, kuma ta ina ake rage masa nauyin?

Ɗan'uwa, ga yadda na fahimci tambayarka. Kun gina tsarin da ƙungiyoyi uku za su haɗa bayanansu su fitar da sakamako ɗaya ba tare da kowa ya ga na kowa ba. Da kuka gwada shi a kan kwamfuta ɗaya ya yi gudu lafiya lau, amma da kuka raba shi kan kwamfutoci uku a wurare masu nisa da juna, aikin da ke ƙarewa cikin 'yan daƙiƙu ya koma cin sa'o'i. Kana son sanin ko injuna masu ƙarfi za ku saya, ko tsarin za ku canja gaba ɗaya.

Kada ku sayi komai tukuna. A irin wannan lissafi, wanda masana ke taƙaita sunansa da MPC, da wuya ka ga ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ta gaji. Layin sadarwa ne ke riƙe aikin. Kwamfutocin zaune suke, kowace tana jiran saƙon 'yar'uwarta. Abu biyu ne ke cin lokacin: yawan bayanan da ake aikawa, da yawan zagayen da ake yi, wato sau nawa dole kowa ya tsaya sai saƙo ya iso kafin ya ci gaba. Maganinsu ba ɗaya ba ne, sau da yawa ma maganin wannan shi ke tsananta wancan. Shi ya sa kafin ka taɓa komai sai ka auna biyun, ka san wanne ne ke damunka.

Daga yadda ka kwatanta, na fi zargin zagaye. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan tsakanin kwamfutocinku akwai kilomita 10,000, saƙo ba zai isa ba ƙasa da milisakan 50, wato kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa, komai kuɗin da kuka zuba a layin. Lissafi mai zagaye 1,000 ya ci daƙiƙa 50 ke nan a jira kawai. Mai zagaye 100,000 ya ci daƙiƙa 5,000, kusan awa ɗaya da rabi, kuma duk tsawon lokacin nan injunan ba su yi wani aikin a-zo-a-gani ba. A kan kwamfuta ɗaya wannan jiran bai kai komai ba, shi ya sa gwajinku na farko ya ɓoye muku matsalar.

Daga ina zagayen ke fitowa? Sai mun koma tushe kaɗan. Hanyar da aka fi bi ita ce rabon sirri: a ɗauki lamba a farfasa ta kashi-kashi, kowa ya riƙe nasa kaso, kason mutum ɗaya kuwa ba ya nuna komai. Adi Shamir ya fito da sanannen salon wannan rabo a 1979. Daɗin abin shi ne tarawa kyauta ce. Idan kana da kason lamba ta farko da kason ta biyu, ka tara su a gabanka, ka sami kason jimlarsu ba tare da ka yi magana da kowa ba. Ninkawa ce ba ta yarda da haka. Duk inda lambobin sirri biyu za su ninka juna, sai an yi musayar saƙo. Idan aka rubuta lissafin a matsayin da'ira, wato jerin ƙananan matakai da ake kira ƙofofi masu aiki da bit (0 ko 1), ƙofar da ake kira XOR ita ce tarawa, ƙofar AND ita ce ninkawa. Saboda haka yawan ninkawa shi ke yanke yawan bayanan da za a aika, zurfin ninkawa kuma, wato ninkawa nawa ke jere kowace tana jiran sakamakon ta bayanta, shi ke yanke yawan zagaye. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin ilimin. Kusan duk ci gaban da aka samu tun daga 1982, lokacin da Andrew Yao ya kawo misalin attajirai biyu masu son sanin wa ya fi dukiya ba tare da sun faɗi abin da suka mallaka ba, ƙoƙari ne na rage farashin ninkawa.

Dabarar da na fi so in nuna wa mai koyo ita ce ta Donald Beaver ta 1991, domin ana iya yin ta da alƙalami a bayan takarda. Ana son ninka x da y, a ce 7 da 5, duka a ɓoye. Tun kafin a zo ga wannan, an riga an tanadi lambobi uku a rabe, a da b da c, inda a da b an zaɓo su ne da ka, ba wanda ya san su, c kuma ninkinsu ne. A ce 3 da 4 da 12. Sai a cire a daga x a bayyana sakamakon, 4. A cire b daga y a bayyana, 1. Waɗannan biyun ba su tona komai ba, tunda a da b sun lulluɓe su. Yanzu kowa a gabansa zai haɗa: 12, da 4 sau b wato 16, da 1 sau a wato 3, da 4 sau 1 wato 4. Jimla 35, wanda shi ne 7 sau 5. A aikin gaske lambobin manya ne kuma ana lissafin a cikin zoben da ke juyawa ya dawo sifili, amma dabarar ita ce wannan.

Abin da ya ba ta daraja shi ne lambobin uku ba su da alaƙa da bayanan kowa. Ana iya ƙera miliyoyinsu da dare, lokacin da layi ba kowa, a ajiye. Idan bayanan gaske suka iso sai a yi ta ɗiba. Haka aikin ya rabu gida biyu: share fage mai nauyi wanda ba a gaggawa a kansa, da aikin kai-tsaye mai sauƙi. Tsarin SPDZ na Damgård da Pastro da Smart da Zakarias, na 2012, a kan wannan rabuwar aka gina shi, kuma yana kāre mutum ko da duk sauran abokan aikinsa sun haɗa baki.

A nan zan ja kunnenka. Na taɓa duba wani aiki inda mai rubuta manhajar, don ya rage nauyin share fage, ya sa ana sake amfani da lambobi ukun da aka riga aka ɗiba. Sakamako yana fita daidai, gwaje-gwajensa duk sun wuce, shi kuwa yana murna ya ninka gudu. Na zauna da shi na rubuta layi biyu: an bayyana x ban da a, an kuma bayyana wani x na daban ban da wannan a ɗin dai. Cire ɗaya daga ɗaya, a ya ɓace, bambancin sirrin mutum biyu ya fito fili ga duk wanda ke kallon layin. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Abin da ke ba ni tsoro a wannan fanni ke nan: idan tsaro ya karye, ba abin da ke yin ƙara. Lambobi uku sau ɗaya ake amfani da su, a jefar.

To su lambobin, ina ake samo su? Ko dai ta irin ɓoyewar da ake iya lissafi a kanta ba tare da an buɗe ba, wadda SPDZ na farko da tsarin Overdrive na 2018 suka bi, ko ta abin da nake kira miƙawa a makance: ina da saƙo biyu, ka zaɓi ɗaya, ni ban san wanda ka ɗauka ba, kai ba ka ga ɗayan ba. Wannan ita tsarin MASCOT na 2016 ya bi. Da farko kowace miƙawa tana bukatar lissafin makulli na fili, irin ɓoyewar da kowa ke iya kullewa amma mai makullin sirri kaɗai ke buɗewa, mai tsada ƙwarai. A 2003 Ishai da Kilian da Nissim da Petrank suka nuna cewa idan ka yi guda 128 kacal ta hanya mai tsadar, za ka iya faɗaɗa su zuwa miliyoyi da lissafi mai arha. Duk da haka kowace miƙawa tana cin kusan bit 128 a kan layi. Sai a 2019 Boyle da Couteau da Gilboa da Ishai da Kohl da Scholl suka kawo salon da ake ce wa na shiru: a yi musayar ɗan ƙaramin iri, sannan kowa ya koma gefe ya tsirar da miliyoyin miƙawa daga nasa irin ba tare da ƙarin magana ba. Tsarin Ferret na 2020 ya sauko da farashin ƙasa da bit ɗaya kan kowace miƙawa. Ba kyauta ba ne, an mai da nauyin ne daga layi zuwa ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar kwamfuta. Ga mai layi siriri ciniki ne mai riba. Ga wanda injunansa ke ɗaki ɗaya da layi mai faɗi, tsohuwar hanyar na iya fi masa.

Duk wannan maganin yawan bayanai ne. Idan zagaye ne ciwonka, akwai wani gida daban, na rikitacciyar da'ira, wanda shi ma daga Yao ya fito a 1986. Mutum ɗaya zai ɗauki da'irar duka ya kulle kowace ƙofa da makullan da aka zaɓo da ka, ya aika wa ɗayan gaba ɗaya, shi kuma ya bi ta yana buɗewa ba tare da ya san ma'anar abin da ke hannunsa ba sai a ƙarshe. Komai zurfin da'irar, yawan zagayen bai canjawa. Beaver da Micali da Rogaway sun faɗaɗa wannan zuwa mutane da yawa a 1990. Farashinsa shi ne nauyi: da farko kowace ƙofa tana ɗauke da ɓoyayyun layuka huɗu. A 1999 Naor da Pinkas da Sumner suka mai da su uku. A 2008 Kolesnikov da Schneider suka sa ƙofar XOR ta zama kyauta baki ɗaya. A 2015 Zahur da Rosulek da Evans suka sauko da AND zuwa layi biyu, har suka kafa hujjar cewa a cikin irin salon da aka sani ba a iya yin ƙasa da haka. Sai a 2021 Rosulek da Roy suka fita daga wancan salon ta hanyar yanka makullan gida biyu, suka kai kusan ɗaya da rabi. Ina jin daɗin wannan tarihi domin shekara 35 aka yi ana aske ƙofa guda ɗaya.

Ka lissafa da kanka. Layi biyu na bit 128 bayit 32 ne. Da'irar AES-128, sanannen salon ɓoye bayanai, tana da ƙofar AND 6,400, saboda haka ɓoye tubalin bayanai ɗaya zai ci kusan kilobayit 200 a kan layi. Ta hanyar rabon sirri ƙofar AND tana cin 'yan bit ne kawai a aikin kai-tsaye, amma sai ka biya zagaye ɗaya kan kowane mataki na zurfi. Zaɓin ke nan a fili: layi mai nisa amma mai faɗi ya fi dacewa da rikitacciyar da'ira, layi mai kusa ko siriri ya fi dacewa da rabon sirri.

Amma kafin ka canja gida, duba yadda kuka rubuta lissafin kansa, domin a nan na fi ganin ana asara, kuma a nan gyara ya fi arha. Kuskuren farko shi ne yin ninkawa ɗaya-ɗaya. Idan kana da layukan bayanai dubu goma kuma kowane yana bukatar kwatance iri ɗaya, ba wanda ke jiran wani, to duka su tafi cikin saƙo guda, zagaye ɗaya maimakon dubu goma. Mutumin da ya saba da rubuta manhaja ta yau da kullum yakan sa su cikin madauki, wato umarnin da ke maimaita aiki, ɗaya bayan ɗaya, kuma ina kyautata zaton wannan ne ya same ku. Sannan ka tuna cewa a cikin sirri babu "idan kaza, yi kaza". Tunda ba wanda ya san amsar sharaɗin, dole a bi rassan biyu duka sannan a zaɓi sakamako a ɓoye. Madauki dole ya yi iyakar tsawonsa kowane lokaci. Ɗauko abu ɗaya daga jeri da lambar matsayi ta sirri yana nufin taɓa jerin duka, sai dai in an kawo dabaru na musamman masu nasu nauyin. Lissafin rabawa, da lambobi masu ɗigo mai yawo, wato waɗanda ɗigonsu ke canja wuri, tsada ne da su sosai, shi ya sa ake komawa ga ɗigo tsayayye duk inda zai yiwu.

Hatta ƙaramin abu kamar tara lambobi biyu masu bit 64 a da'irar bit yana da fuska biyu. Da'irar da ke miƙa ragowa daga bit zuwa bit tana cin AND 63 da zurfi 63. Akwai wadda ke lissafa ragowar kamar rassan bishiya, zurfinta bai kai goma ba amma ƙofofinta sun ninka. Ta farko ta rikitacciyar da'ira ce, ta biyu ta rabon sirri a layi mai nisa ce. Idan manhajar da ke fassara muku lissafi zuwa da'ira ta zaɓi wadda ba ta dace ba, kun yi asara ba ku sani ba. Saboda wannan ne ma aka ƙera salon ɓoyewa irin LowMC a 2015 da MiMC a 2016, waɗanda tun daga zane aka rage musu ninkawa. Kuma ba dole a zauna a gida ɗaya ba. Tsarin ABY na Demmler da Schneider da Zohner, na 2015, ya nuna yadda ake yin tarawa da ninkawa a rabon lambobi, in an zo kwatance a sauya zuwa bit ko rikitacciyar da'ira, a gama a dawo. Sauyawar tana da farashi, saboda haka a yi ta jefi-jefi kuma a tattare.

Gyaran da ya fi duka shi ne fitar da abu daga cikin sirrin gaba ɗaya. Duk abin da ƙungiya za ta iya lissafawa a kan nata bayanan ita kaɗai, kamar tacewa da jerawa da tara jimlolin ɓangarenta, ta yi shi a gida kafin ta raba. Dubi gwanjon da aka yi a Denmak a watan Janairun 2008, wanda ake ɗauka a matsayin babban amfani na farko da wannan fasaha a kasuwa. Manoma kusan 1,200 masu noman gwozar sukari ne ke cinikin haƙƙin noma a tsakaninsu, ba su kuma son kamfanin Danisco, mai sayen amfanin gonarsu, ya ga farashin da kowa ya sa. Kowane manomi ya ɓoye yawan da zai saya ko ya sayar a kan farashi 4,000 daban-daban. Tara waɗannan duka tarawa ce, kyauta. Abin da ya rage shi ne nemo farashin da saye da sayarwa suka haɗu, kuma tunda buƙata na sauka yayin da farashi ke hawa, sai aka riƙa raba jerin gida biyu ana kwatantawa. Kwatance kusan 12 ya wadatar maimakon 4,000. An kuma bayyana amsar kowane kwatance a fili, domin duk wanda ya ga farashin ƙarshe zai iya gano amsoshin da kansa. Kwamfutoci uku suka gama cikin kusan rabin awa, da injunan wancan zamani. Ba sabuwar dabarar ɓoyewa ce ta ba su wannan ba, tsara tambayar ne.

Ka lura da sharaɗin da ya halatta bayyanawar. Ana buɗe abu a tsakiyar lissafi ne kawai idan sakamakon ƙarshe zai riga ya nuna shi. Buɗe wani abu don a samu gudu, da zaton ba kome, hanya ce da bayanan mutane ke zubewa.

Saura batun wa kuke tsoro, wanda shi ne ya fi komai yanke farashi. Ku uku ne, kuma wannan sa'a ce. Idan kun yarda cewa biyu daga cikinku ba za su taɓa haɗa baki a kan na uku ba, to ba kwa bukatar lambobin Beaver ko miƙawa a makance. Tun 1988 Ben-Or da Goldwasser da Wigderson suka nuna abin da rinjayen masu gaskiya ke sauƙaƙawa. A 2016 Araki da Furukawa da Lindell da Nof da Ohara suka fito da tsarin mutum uku inda kowa ke aika bit ɗaya tak kan kowace ƙofar AND, suka yi AES fiye da miliyan ɗaya a daƙiƙa a kan injuna uku masu layin gigabit 10. Wannan adadin na tsarin da ke kāre ku ne daga abokin aiki mai bin ƙa'ida amma yana leƙe. Idan ana tsoron maha'inci mai canja saƙo, sai an ƙara bincike, ko da yake farashinsa ya sauka ƙwarai. A da, a tsarin mutum biyu, sai an aika kwafin da'ira 40 ko fiye a buɗe wasu a duba. Hatimtacciyar da'ira ta Wang da Ranellucci da Katz, ta 2017, ta mai da shi kwafi ɗaya. A SPDZ kuma kowane kaso yana ɗauke da hatimi mai tona asirin duk wanda ya canja shi, ana tattara dubawar hatiman a yi ta sau ɗaya kafin a fitar da sakamako.

Sai dai ina roƙonka kada gudu ya zaɓa muku wannan. Idan kwamfutocin uku duk a hannun kamfanin hayar kwamfuta ɗaya suke, ko mutum ɗaya ne ke riƙe da kalmar sirrin biyu daga cikinsu, to zaton cewa biyu ba za su haɗu ba ya riga ya rushe, komai kyan lissafin. Wannan shawara ce ta shugabannin ƙungiyoyin uku da lauyoyinsu, a rubuce, ba ta mai rubuta manhaja shi kaɗai ba. Masu bayanan nan sun ba da su ne bisa alkawarin ba wanda zai gani.

Abin da zan so ka yi a wannan makon kaɗan ne. Ka sa manhajar ta ƙirga maka bayit nawa kowa ya aika da zagaye nawa aka yi. Ka ninka zagayen da jinkirin layinku, ka raba bayit ɗin da faɗinsa, ka ga wanne ya fi kusa da sa'o'in da kuke gani. Ka daina gwaji ba tare da jinkiri ba: a Linux, umarnin tc yana iya ƙaƙaba wa layin kwamfuta ɗaya jinkirin milisakan 50 ko 100, ka ga gaskiyar lamarin tun kana zaune a teburinka. Sannan ka rubuta lissafin sau ɗaya a manhajar MP-SPDZ ta Marcel Keller, wadda ke ɗauke da tsare-tsare masu yawa a ƙarƙashin harshe ɗaya, ka gudanar da shi a na mutum uku mai rinjayen masu gaskiya, da na rikitacciyar da'ira, da na SPDZ, ka kwatanta. Idan ka sami lambobin nan biyu, bayit da zagaye, ka aiko mini su tare da bayanin kwatance nawa da rabawa nawa ke cikin lissafin, mu duba inda za a fara yanka.